Dodon da Zai Sha Ruwa a Rijiyar Dakoro

 

Iyayenmu sarakuna da malamai, shugabannin makarantu, 'yan'uwana masu koyarwa, ƙannena da 'ya'yana ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa. Na gode da kuka bar harkokinku kuka zo sauraren magana a kan littafi. Wanda ya ji taken laccar nan yana iya cewa, garin da kullum zancensa ruwa ne da hatsi da makiyaya, me ya kai shi zancen dodanni? Ku ba ni aron hankalinku. Zancen ruwa da makiyaya shi ne zan yi, ta ƙofar littafi kawai zan shigo.

A shekarar 2006 wata marubuciya 'yar Amurka mai suna Naomi Novik ta fitar da littafi na farko a jerin da aka sani da Temeraire, ta ci gaba har ya kai littafi 9 a 2016. Ta ɗauki yaƙe-yaƙen Napoleon, mai mulkin Faransa da ya hana Turai barci a farkon ƙarni na 19, ta bar musu igwoginsu da jiragen ruwansu da sunayen manyan sojojinsu yadda tarihi ya kawo. Sai ta ƙara abu guda wanda bai taɓa kasancewa ba, wato dodanni masu fukafukai, masu hankali, masu magana kamar mutane, waɗanda ake ɗaura wa kayan hawa sojoji su hau a tashi sama a gwabza.

Labarin ya fara ne da wani kyaftin na sojan ruwan Ingila, William Laurence, wanda ya kame wani jirgin Faransa ya tarar da ƙwan dodo a ciki yana gab da ƙyanƙyashewa. A wannan duniya da ta ƙago, dodo ne ke zaɓen abokinsa da kansa, ba a zaɓa masa. Da ya fito daga ƙwai sai ya wuce wanda aka tanadar masa ya nufi Laurence. Daga ranar mutumin ya rabu da jirginsa da darajarsa a idon dangi da auren da yake sa rai, ya koma bawan hidimar wannan halitta, yana wanke shi, yana nema masa abinci, da dare yana karanta masa littattafai. Dodon kuwa da ya yi wayo sai ya soma tambaya. Me ya sa nake yaƙi ba a biya na? Me ya sa nake kwana a fili alhali kai kana da ɗaki? Wa ya ba gwamnati ikon mallaka ta? A littafi na biyu suka je ƙasar Sin, suka tarar dodanni suna yawo a titi, suna karatu, suna da dukiyar kansu, sai idon Laurence ya buɗe a kan halin ƙasarsu. A na huɗu, wanda ya fito a 2007, suka sauka kudancin Afirka, inda marubuciyar ta ƙago wata daula ta mutanen Tswana da ke ɗaukar dodanni a matsayin kakanninsu da suka dawo duniya, daular da ta tashi ta rushe tashoshin cinikin bayi na bakin teku.

Abin da ya riƙe littattafan nan, a ganina, lissafin ciki ne. Marubuciyar ba ta taɓa mantawa da cewa dodo yana jin yunwa ba. Babba a cikinsu yana iya tashi da saniya guda a ci ɗaya, saboda haka janar ɗin da ke da rundunar dodanni dole ya san garken da zai ciyar da su da manomin da za a ƙwace wa shanunsa. Ƙarya guda ta yi, sauran abubuwa duka ta sa su bi gaskiya. Shi ya sa mai karatu ya yarda da ita har ƙarshe.

Kada kowa ya ɗauka daga Turawa za mu fara koyon haɗa tarihi da almara. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar ƙagaggun labarai, aka buga littattafai biyar da suka yi fice. Kowa ya san Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wanda ya shafi zancenmu shi ne Ganɗoki na Malam Muhammadu Bello Kagara, wan Abubakar Imam. Kashin farko na littafin tarihi ne da mutane suka gani da idonsu, wato zuwan Turawan Ingila da yaƙin da aka yi da su a ƙasar Kwantagora da Bida a 1901, da abin da ya biyo baya. Da ƙasa ta faɗi, sai jarumin ya kama hanyar gabas da ɗansa Garba Gagare, labarin ya ratsa ƙasashen aljannu, inda takobin da ya gaza a gaban bindigar Nasara ya samu abin sara. Shekara 70 da ɗoriya kafin Novik ke nan. Mutumin da ya ga faɗuwar ƙasarsa ya nemi inda zai ajiye zafin zuciyarsa, sai almara ta ba shi wuri.

A nan gida kuma muna da Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980 da Faransanci, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Mamani ya ɗauki yaƙin Lugu na watan Afrilun 1899, inda Sarauniya Mangu ta tsaya wa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine, ya haɗa shi da abin da bakin mutane ke faɗa game da asirinta. Ga kuma littattafan yaƙi na kasuwar Kano, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, waɗanda na san da yawa cikinku kuna sauraro a waya. Akwai gwaninta a cikinsu, kuma sun riƙe matasa ga karatu a lokacin da abubuwa da dama ke janye su. Ƙorafina guda ne: yawancinsu a wasu birane ake yin su da ba su da damina ba su da rani, ba a san inda dawakin mayaƙa ke shan ruwa ba.

To amma ku duba wani abu. A duk waɗannan, da kuma tatsuniyoyin da iyayenmu mata suka yi mana a dandali, babbar halitta mai ban tsoro abokiyar gaba ce. Dodon tatsuniya yana haɗiye mutane, yana aure yarinya da yaudara, yana tsare bakin rafi, ƙarshensa kuma mutuwa a hannun jarumi ko a bakin karnuka. Labarin asalinmu ma haka ya zo. Maciji Sarki yana cikin rijiyar Kusugu a Daura, ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Baƙo Bayajida ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa bai samu ba, ya tafi da dare da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa ya sare kan macijin, ya auri Daurama, daga tsatsonsa aka samu Hausa Bakwai, har da Gobir da yawancinmu ke taƙama da ita.

Ina girmama labarin nan, ban kuma zo in taɓa shi ba. Sai dai marubuci yana da hakkin ya zauna a bakin rijiyar ya yi tunani. Shekaru nawa mutanen Daura suka yi da macijin kafin baƙo ya zo? Wa ya tsara cewa sai Juma'a? Ashe akwai wanda ya san yadda ake magana da shi, akwai gidan da suka gaji kula da shi, akwai yarinyar da ta taso tana kai masa abinci. Washegarin da gari ke buki, ita a wane hali ta kwana? Duk wanda ya taɓa ganin rijiyar da ake wa yawa ta ƙafe zai iya tambaya kuma: ko ƙa'idar nan ta rana guda ita ce ta hana rijiyar ƙafewa? Ga littafi nan cikakke, ba wanda ya rubuta shi.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan labari ba. Mutanen Soninke na tsohuwar daular Wagadu suna da macijinsu Bida, wanda aka yi alkawari da shi: yana ba su ruwan sama da zinariya, suna ba shi budurwa duk shekara. Ranar da saurayin wadda aka zaɓa ya kashe shi, yarinya ta tsira, amma fari ya sauka, daula ta watse. Labarin bai wanke maciji ba, bai kuma tsine wa saurayi ba. Ya bar mai sauraro da nauyin alkawari mai tsada wanda karya shi ma ke da tsada. A ƙasar Hausa kuma, tsofaffi sun san zancen kan gida, wato dabbar da wata zuriya ba ta kashewa ba ta ci, ko maciji ko kada ko damo, saboda wata amana da suka ce ta shiga tsakaninta da kakansu. Wannan al'adar zamanin da ce, Musulunci ya raba mu da bautar da ke cikinta, amma ta nuna cewa tunanin zama da babbar halitta bisa alkawari ba baƙo ba ne a wurinmu.

Yanzu na zo inda nake son in daɗe. Idan ana neman mutanen da suka san abota tsakanin ɗan Adam da dabbar da ta fi shi ƙarfi, a zo ƙasar Dakoro. Mu ne a kan iyaka, kudu gonaki, arewa makiyaya, kwarin Tarka a tsakani, ga dokar 1961 da ta ja layin da noma bai kamata ya wuce ba, ga kuma abin da kowa ya sani na yadda gonaki suka ƙetare layin. A nan Bahaushe da Bafillace da Buzu ke haɗuwa a bakin rijiya ɗaya da kasuwa ɗaya, daga Kornaka zuwa Sakabal, daga Birnin Lalle zuwa Barmo. A nan yaro ɗan shekara goma ke jan amale da akala, amalen da in ya ga dama zai take shi. A nan makiyayi ke kiran saniya da sunanta ta baro garke ta zo, ya san uwarta, ya san kakarta, ya san shekarar da aka haife ta. A nan ake ba da saniyar habbanaye: mai ita ya danƙa wa ɗan'uwansa da ya rasa, ya riƙe ta ta haihu a hannunsa, ya ɗauki 'ya'yan ya mayar da uwa, kuma kowa ya san an fi kula da saniyar amana a kan ta gida. Novik ta zauna ta ƙago yadda mutum zai ji idan dabbarsa ta yi ciwo. Ku kun ga dattijo ya ƙi cin abinci ranar da bijiminsa ya kwanta.

Ga kuma rijiya. Wanda bai taɓa tsayawa a bakin rijiyar arewa ba, bai ga takarkari ko raƙumi ya ja igiyar wasaki ya yi nisa har ya zama ƙarami a ido kafin ruwa ya iso baki ba, ba zai san nauyin kalmar mashaya ba. Wanda ya haƙa rijiya yana da hakki, baƙo mai wucewa yana da hakki, akwai wanda ke fara shayarwa, akwai mai jira har dare. Yanzu ku sako dodo mai fukafukai cikin wannan tsari. Wasaki nawa zai sha? Garken wa za a dakatar domin shi? Idan rani ya tsananta, abokinsa zai yanka shanun gidansu ya ba shi, ko zai sake shi ya faɗa na maƙwabta? Wa zai biya ɓarna, gaban wane sarki za a kai ƙara? Shin dodo yana bin burtali, ko sama ba ta da burtali? Marubucin da ya amsa waɗannan tambayoyi da gaskiya zai rubuta littafin da manomi da makiyayi za su ga kansu a ciki, su kuma ji zafin juna ta hanyar da taron sulhu ba ya iya sa su ji, domin a cikin labari ba wanda ke tsaron gonarsa ko garkensa.

Ƙasarmu ma ta ba mu ƙasusuwan. A Gadufawa, cikin Tenere, masana suka tono ƙasusuwan wani kada na zamanin da wanda tsawonsa ya haura mita 9, aka sa masa suna Sarcosuchus a 1966. A yankin Ingal, inda makiyayanmu ke zuwa lasar gishiri, ayarin Paul Sereno ya tono wata halitta mai dogon wuya da ta kai kimanin mita 18, aka raɗa mata Jobaria a 1999, daga sunan Jobar, wata halitta ta almarar Buzayen wurin. Makiyaya sun riga masana ganin ƙasusuwan, sun kuma riga su ba su labari. Wanda ya je gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai zai ga irinsu a tsaye. Yaron Nijar da zai rubuta labarin dodo ba aro zai yi ba.

Sai maganar tarihi, kuma a nan zan ja kunne. Na san abin da zai fara zuwa zuciyar saurayi mai jini a jika: ya koma 1899, ya ba Sarauniya dodo, ya sa shi ya ƙone rundunar Voulet da Chanoine tun a Lugu, kowa ya yi tafi. Ina roƙonku kada ku yi haka. A watan Mayu na 1899 rundunar ta yi kisan gilla a Birnin Ƙwanni. Ta ratso ƙasar nan tamu tana ƙone garuruwa tana cika rijiyoyi da gawa. A ranar 14 ga Yuli a Dankori Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda gwamnatinsu ta aiko ya tsayar da su, kwanaki kaɗan bayan haka sojojinsu suka kashe Voulet da Chanoine a wajen Maijirgi ta ƙasar Tasawa. Duk da haka kafin watan ya ƙare Damagaram ta faɗi. Mutanen da suka mutu a wannan hanya kakannin wasu ne, watakila har da na wasu da ke zaune a nan. Littafin da ya sa dodo ya share mutuwarsu ya zalunce su sau biyu. Idan za ku sa dodo a 1899, ku sa shi ya iso a makare, ko ya iya ceton ƙauye ɗaya cikin goma, abokinsa ya rasa wanda zai zaɓa. Ku sa Nasara su nemi sayen sa, wani sarki ya yi tunanin sayarwa. A nan labari yake.

Kuma tarihinmu bai tsaya ga zuwan Nasara ba. Akwai saukowar Gobirawa daga Azbin da zamansu a Birnin Lalle, nan kusa da mu, kafin su gangara kudu har su kafa Alƙalawa wadda ta faɗi a 1808. Akwai kafuwar Maraɗi da Tsibiri a hannun waɗanda suka ƙi miƙa wuya. Akwai ayarin gishirin Bilma da Fashi da madugai masu sanin taurari. Akwai annobar shanu ta wajen 1891 wadda aka sa wa suna Sannu, saboda yawan jaje da aka yi wa makiyaya. Akwai yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da tawayen Kawusan a Agadas a 1916 da 1917, da farin 1973, da na 1984 wanda iyayenku suka gani. In da ni ne mai rubutu, shekarar Sannu zan ɗauka: shanu sun ƙare a ƙasa, ga yaro Bafillace da halittar da ba ta cin ciyawa, ga gari da ya fara kallonta da idon tsoro bayan shekarun da ta yi tana tsare shi daga mahara.

Na san akwai malamaina a nan da zuciyarsu ba ta kwanta ba, kuma damuwarsu tana da tushe. Za su ce wannan ƙarya ce, kuma tana iya jan yara ga camfi. Allah ya gafarta malam, ƙaryar da shari'a ta hana ita ce wadda ake so a yaudari mai ji da ita. Tsohuwar da ta ce ga ta nan ga ta nanku ta riga ta sanar da jikokinta cewa abin da zai biyo baya ƙage ne. Malaman Musulunci sun daɗe da karanta Kalila wa Dimna, inda dila da zaki da sa ke magana, suna ciro hikimar mulki daga ciki. Iyakar da ba za a ƙetare ba a fili take: kada a ba halitta abin da yake na Mahalicci, kada a mai da dodo abin roƙo ko abin yanka. Halitta ce mai yunwa da ƙishi da ajali. Alƙur'ani mai girma, wanda gaskiya ne tsantsa ba a haɗa shi da ƙage, ya ba mu labarin taguwar Annabi Salihu, alaihis salam, wadda aka raba ranakun shan ruwa tsakaninta da mutane, suka soke ta, azaba ta sauka musu. Yaron da ya tashi da wannan karatu ya riga ya san cewa hakkin dabba a bakin ruwa ba abin wasa ba ne.

Ƙannena ɗalibai, aikin yana hannunku, kuma ba da alƙalami zai fara ba. Ku je wurin tsofaffin da suka rage a Birnin Lalle da Kornaka da rugage da zangon Buzaye, ku durƙusa ku gaishe su, ku nemi izini ku ɗauki maganarsu a waya. Ku tambayi sunayen rijiyoyi da waɗanda suka haƙa su, da sunayen shekarun yunwa, da hanyar da ayari ke bi, da yadda ake horar da ɗan raƙumi har ya yarda da mutum. 'Yan mata, ku ne kuka fi kusa da masu tatsuniya, kada ku bar wa maza wannan fage. In kun tara, ku ƙara ƙaryarku guda ɗaya, ku rubuta da Hausar da kuke ji a kasuwar Dakoro, ba sai kun jira Faransancinku ya nuna ba. Malamai kuma, ina roƙonku ku karɓi abin da yaran nan za su kawo, ku karanta, ku gyara musu shekarun tarihi in sun kuskure, ku ba su sa'a guda a mako su karanta wa juna a aji. Iyayenmu sarakuna, idan yaro ya zo ƙofar fada yana tambayar labarin kakanni, a sa wanda ya sani ya zauna da shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.